Tsakuwa Sha Bakwai a Gorar Wanzam Dauda

Ban taɓa mantawa da ranar da Malam Tukur ya tsaya a gaban likita, a gaban hakimi, a gaban masinjoji, ya ce wai ni Ajuji na rage 'ya'yan mutane a takarda don baƙin ciki, saboda ni ban haifa ba. Ranar Talata ce da hantsi, a ofishinmu na Azare. Sau biyu ya faɗa, sau ɗaya da Turanci don likita, sau ɗaya da Hausa don kada in ce ban ji ba. Wannan magana ita ta ɗauke ni daga kan tebur ta mayar da ni leƙa tulunan mata, aikin da nake yi har yau, shekara takwas ke nan.

Ku da aka ɗauka aiki bana, na ji kuna tambayar junanku me ya sa mutum mai furfura a gemu yake bin ku a baya da ludayi yana neman ƙwarin sauro a randa. An ba ku amsa iri-iri, na sani. To ga tawa, wanda ya ga dama ya karanta.

Karatuna aji uku ne na elemantare. Ina rubuta boko, ina rubuta ajami, ina lissafi har rabawa. Turanci kuwa, in an ce in zo ko in fita ina ganewa, iyakarsa ke nan. Na fara aiki ina mai lamba, wato in tsaga dantsen yaro in sa masa maganin agana. Shekara goma sha ɗaya ina wannan, ba wanda ya taɓa kawo ƙarata. Bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Bama, aka kawo mana sabon likita, Bature, mai son takarda. Ya ce yana so ya san yawan waɗanda ake haifa a ƙauye, a gwada tukuna a garuruwa shida na wajen Bulkachuwa. Aka ba ni littafi mai layi-layi, da keke, aka ce daga yau ni ne malamin rajista.

Ga yadda tsarin yake. Ni in zaga in rubuta da Hausa. In kawo wa Malam Tukur, babban akawun ofis, wanda ya gama makarantar midil a Bauchi. Shi ya juya da Turanci ya kai wa likita. In likita zai yi magana da ɗayanmu, shi ne kuma tafinta, don Hausar likita ba ta wuce gaisuwa ba. Ku riƙe wannan, domin duk abin da ya same ni ta wannan ƙofa ya shigo.

Watan farko na sha wuya. Ka yi sallama da magidanci ka ce, "Malam, an yi haihuwa a gidan nan bana?" sai ya dubi littafin, ya dubi keken, ya ce, "Alhamdu lillahi, muna nan dai." Shi a ganinsa sabon haraji ne ke tafe. In ka samu wata tsohuwa ta leƙo ka ce mata, "Inna, 'ya'yanki nawa?" sai ta ce, "A'uzu billahi, awaki ne?" A rugar Fulani kuwa mace za ta lissafa maka 'ya'yanta ta tsallake na fari, yana tsaye a gabanka da sandarsa, don kunya ba ta barinta ta ambace shi. Na dawo da littafi kusan fari fat.

Ni na samo dabarar, ba wani ya koya mini ba. Na ce wa zai san kowane jariri ba tare da ya tambayi kowa ba? Wanzami. Ba a raɗa suna sai ya zo da zabirarsa ya yi aski. Sai na bi wanzaman garuruwan nan shida, na ba kowa gora, na ce duk jaririn da ka aske ka jefa tsakuwa ɗaya. In na zo mu juye mu ƙirga tare. Ba a shiga gidan kowa ba, ba a tambayi matar kowa ba. Likita da ya ji ya yi murna ƙwarai. Daga baya na ji ashe an gaya masa dabarar Malam Tukur ce. Na bar wannan, ba ita ce ta kawo ni ba.

Garuruwa biyar ba wani abu, bana a ɗan hau, baɗi a ɗan sauka. Amma akwai wani gari, Marken Buba, inda wanzaminsu Dauda ne, wani dogon dattijo mai surutu. Shekarar farko gorarsa ta ba mu talatin da ɗaya. Ta biyu ashirin da huɗu. Ta uku da muka juye a kan buzunsa, sha bakwai.

Na ce, "Wanzam, ko ka yi mantuwa?"

Ya ce, "Mantuwa? Malam Ajuji, mutum ya manta da naman suna? Ni da nake kwana da lissafin masu ciki a garin nan? Sha bakwai ne, in ka so in kira maka sunayen iyayensu."

Ya kuwa kira, ɗaya bayan ɗaya, yana ture tsakuwa da yatsa. Sha bakwai cif.

Ya ce, "Kuma in gaya maka, mutane sun ce kai ne. Tun da ka fara ƙirga su suka daina zuwa. Ni ma na fara tunanin haka. Dubi zabirata, gizo-gizo na neman yin ɗaki a ciki."

Na yi dariya a gabansa, amma abin ya tsaya mini a rai. A ƙasan kowane shafi na littafin akwai wurin da aka rubuta "Ra'ayin malami," inda ake so ka faɗi dalilin abin da ka gani, kuma ka ce alheri ne ko akasi. Sai na ce ba zan koma Azare ba sai na san abin da zan rubuta a wurin. Na kwana uku a garin. Na kuma roƙi Wanzam Dauda ya bar mini gorar da tsakuwarta, don na san za a yi gardama.

Shi ya kai ni wurin Inna Yalwa, ungozomar garin. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗi. Ashe shekaru kaɗan kafin in fara zuwa, baƙon dauro ya shiga garin ya kwashe yara, kuma mafi yawan waɗanda suka tafi 'yan kwanika ne, waɗanda uwayensu suka yi ciki suna goyonsu, nono ya lalace. Tun daga nan Inna Yalwa ta kafa doka ba da iznin kowa ba. Mace ta gama wankan jego, Inna da kanta za ta ɗauki ƙwaryarta ta raka ta gidan iyayenta, ba ta dawowa ɗakin miji sai an yaye yaro yana gudu da ƙafarsa. Namijin da ya yi wayo ya bi ta bayan danga, in ciki ya fito, sai matan gari su sa sunansa a waƙar daka, ya kasa wucewa ta bakin rijiya.

Na ce, "Inna, kin san haihuwa ta ragu a garinku? Kusan rabi."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ɗan nan, wa sunanka?"

"Ajuji."

Sai ta ajiye mazari ta dube ni. Kun san ba a sa wa yaro wannan suna sai uwarsa ta gaji da binnewa, a kai shi kan juji a ajiye kamar ba a so, ko mutuwa ta raina shi ta wuce.

Ta ce, "Nawa uwarka ta binne kafin kai?"

Na ce, "Biyar."

"Da a littafin nan naka ne, shida za ka rubuta mata, ko? A yi mata barka, mai yawan haihuwa."

Na ce, "Haka ne."

"Da uku ta haifa ta riƙe ukun, me za ka rubuta? Ta ragu?"

Ta kira wata mai goyo da ke wucewa ta ce ta kwance yaron. Wallahi cinyarsa kamar taɓarya. Inna ta ce, "Wannan na huɗu ne, shi ne na farko da ta ga haƙoransa sun cika. Je ka rubuta."

Na fito na ce shi ke nan, alheri ne, na samu amsa.

Kashegari Maigari ya aiko in zo. Bai ko bari na gama gaisuwa ba, ya ce in bi shi. Ya kai ni bayan gari ya nuna mini gonaki uku da suka koma saura, sabara ta cinye su. A gona ta huɗu wani tsoho, Baba Sale, yana ta fama da damin dawa shi kaɗai, ya ɗaga ya faɗi, ya ɗaga ya faɗi. Ɗansa guda ne, ya tafi haƙar kuza Jos bai dawo ba. Ni da Maigari muka kama masa.

Maigari ya ce, "Ka gani? Samari suna tafiya kuza, wasu cin rani, rabi ba sa dawowa. Waɗanda suka rage, tsohuwar nan ta kwashe musu mata. Malam Ajuji, gandu hannu yake so. Yau Baba Sale ne, nan da shekara ashirin duk garin Baba Sale ne. Wa zai yi gayya? Wa zai yashe rijiya? In na mutu ma sai an aro masu ɗaukata daga wani gari. Kuma ka san in gidaje suka ragu, hakimi zai sa ni ƙarƙashin dagacin gaba, garin da kakana ya sare da gatarinsa."

Na ce, "Amma, Maigari, yaran suna rayuwa."

Ya ce, "Rai na Allah ne. Ita ce ke rayawa? In wani ciwon ya sake shigowa ya tarar da sha bakwai, nawa zai bar mini?"

Na dawo masauki na ce a'a, akasi ne, Maigari ya fi ta gaskiya.

Da na gaya wa Wanzam Dauda sai ya ƙara dagula mini lissafi. Ya ce shi dai a wajen nama an cuce shi. Amma tun yana bin ubansa da zabira, in ya aske maza goma, ranar da kaciyarsu ta zo huɗu yake tararwa ko biyar. Na bara da na bara waccan kuwa, biyu kaɗai ya ji an kai kushewa. Na ce, to alheri ne ke nan? Ya ce, "Wa ya ce maka? Ɗana ya ce ba zai gaji aska ba, wai ba ta ciyar da gida." Ka ji fa. Mutum guda, baki guda.

Haka na kwana uku. Duk wanda na saurara a ƙarshe, shi nake ba gaskiya. Na zauna na cika shafi biyu, na rubuta maganar Inna Yalwa, da ta Maigari, da ta Wanzam, ban rage ba. A wurin "Ra'ayin malami" na rubuta: "Dalili na gano. Ko alheri ne ko akasi, ban sani ba."

Malam Tukur ya karanta yana taɓe baki. Ya ce, "Ajuji, wannan tatsuniya ce ko rahoto? Tsohuwa ta ce, wanzami ya ce. Kuma ba a rubuta 'ban sani ba' a takardar gwamnati. Don ka sani aka ba ka keke."

Na ce, "Malam, to ban sani ba ɗin. Jiya ina ganin alheri ne, yau ina ganin akasi."

Ya ce, "Bar shi nan, zan gyara."

Gyaran da ya yi, sai daga baya mai buga mana tafireta ya karanta mini shi da Hausa. Malam Tukur mutum ne da ya san abin da kowane Bature ke so ya ji. Likita, a inda ya yi aiki kafin ya zo mana, ya tarar da garuruwan da tunjere da ciwon sanyi suka hana mata haihuwa, don haka kullum bakinsa na kan wannan. Baturen gona kuwa kullum kukansa mutane sun yi wa ƙasa yawa, gyaɗa ta gajiyar da ita, ba a barinta ta huta. Shi ma ya roƙa a riƙa ba shi labarin rajistar. Sai Malam Tukur ya ɗauki sha bakwai ɗina ya yi mata riga biyu. Ya rubuta wa likita cewa masifa ce, gari na ƙarewa, kuma alamu sun nuna ciwon zamani ne ya kama matan. Ya rubuta wa Baturen gona kuwa cewa ci gaba ne, mutane lafiyayyu sun yi hankali, ƙasa ta fara hutawa, a yi koyi da su. Inna Yalwa ba ta fito a ko ɗaya ba.

Likita bai yi wata-wata ba. Ya ba da oda: wata mai zuwa za a kafa tanti a Marken Buba, kowace matar aure ta zo a duba ta. Kun san irin dubawar da ake nufi.

Kafin mako ya zagayo labari ya kai kasuwa. Ranar wata Asabar bayan azahar ina gida sai ga Maigari da Wanzam Dauda, ƙafafunsu fari fat da tafiya. Maigari ya ƙi zama a tabarma.

Ya ce, "Malam Ajuji, mun ba ka ruwa, mun ba ka masauki. Sakayyar ke nan? A kasuwar Bulkachuwa yanzu ba mai sayen furar matanmu. Mutanen Gololo sun aiko a mayar musu da kayan da suka kawo na neman 'yar ƙanena. Matan da suka tsare kansu shekara biyu-biyu don 'ya'yansu, su ne yau masu tunjere?"

Na rantse masa ba abin da na rubuta ke nan ba. Ya ce, "Ni ban iya karatu ba. Na dai san kafin ka zo da gora ba mai kiran matanmu haka."

Daga wurina suka wuce wurin hakimi, hakimi ya kawo kuka ofis. A tsakanin nan kuma Turawan biyu suka haɗu a wurin shan iskarsu, kowa ya ba da labarin Marken Buba, labari ya ƙi haɗuwa. Baturen gona ya aiko wa likita tasa takardar, ya wuce rangadi Gamawa. Shi ne aka kira mu ranar Talatar nan.

Na tafi da gorar a cikin jakata. Likita na zaune, takardu biyu a gabansa, duka biyun da sa hannun Malam Tukur. Hakimi na kan kujera, Maigari na durƙushe a gefe. Malam Tukur yana tsaye, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Likita ya daki tebur ya yi tambaya. Malam Tukur ya daɗe yana Turanci, sa'an nan ya juyo ya maimaita da Hausa, wai don hakimi.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na gaya wa likita laifin ba na takarda ba ne, na wanda ya kawo labarin ne. Yau ya ce mini alheri ne, gobe ya ce akasi ne, ni kuwa abin da ya faɗa nake rubutawa."

To wannan, ku ji, akwai ƙanshin gaskiya a ciki, shi ya sa ta ɗaure ni. Sai ya ci gaba.

"Lissafin ma kansa ba daidai ba ne. Mutumin aji uku ne, da tsakuwa yake ƙirga. Kuma, ranka ya daɗe, a gafarce ni, mutum ne da bai haifa ba. Wanda ba shi da ko ɗaya, in an sa shi ƙirga na mutane, hannunsa ba ya son rubuta da yawa."

Wani masinja ya yi dariya ya toshe baki.

Likita ya dube ni ya yi magana. Malam Tukur ya ce, "Yana tambaya, sha bakwai ɗin nan gaskiya ce ko kuskure?"

Hannuna na cikin jaka a kan gorar. Ba abin da ya rage sai in juye ta a kan tebur, in ce a kira Wanzam Dauda yana waje, ya kira sunayen iyaye. Da na wanke kaina tas. Amma in sha bakwai ta tabbata, tanti ya tabbata. In na ce bari in yi bayanin Inna Yalwa, ta bakin wa zai bi? Ta bakin mutumin da ya binne bayanin tun farko. Hakimi ba ya jin Turanci, kuma so yake maganar ta mutu ko ta yaya. Na dubi Maigari. Ido kawai ya zuba mini, ya haɗa tafin hannuwansa a kan gwiwa.

Na zare hannuna daga jaka na ce, "Mai yiwuwa na yi kuskure."

Wannan kam Malam Tukur ya fassara ta daidai, har da sauri.

A ranar aka soke tanti. Aka karɓi littafi, aka karɓi keke, aka miƙo mini ludayi. Ba a daɗe ba aka rufe rajistar gaba ɗaya, wai gwaji ya nuna ba za a iya ba.

Da na koma gida na tarar labari ya riga ni. Matata Hauwa tana tankaɗe, ba ta yi mini sannu da zuwa ba. Can ta ce, "Malam, da ya ce ba ka haifa ba, ka gaya masa labarin ukun nan?"

Na ce, "Ban gaya masa ba."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Daga ranar har yau ba ta sake ta da maganar ba, ni kuwa da ta zage ni ya fi mini sauƙi.

Ga abin da ya hana ni sakewa shekara takwas. Gaskiyata ce ta kusa tsayar da matan mutane a layi a gaban tanti. Ƙaryar Malam Tukur ce ta rufa musu asiri, ƙaryar da ya yi don ya ceci wuyansa, ba don su ba. Ina juya abin nan ta kowace fuska ya ƙi zama.

Bara aka tura ni Marken Buba duba rijiyoyi. Na ce to yau zan ga wanda ya yi gaskiya, Inna ko Maigari. Abin da Maigari ya ji tsoro ya faru. An sa shi ƙarƙashin dagacin gaba, yanzu mai unguwa ake ce masa. Makarantar da aka so a gina an kai ta can, wai yaran Marken Buba ba su cika aji ba. Baba Sale ya rasu, shanu ke kiwo a gonarsa. Na ce to, akasi ne. Sai Wanzam Dauda ya ja hannuna zuwa wata rumfa a bayan gidansa, ga yara kwance a jere an yi musu kaciya, ana ba su kunu. Ya ce, "'Yan gorarka ne. Tara ne maza a cikin sha bakwai ɗin. Ƙirga." Na ƙirga, takwas. Ya ce, "Tun da na fara riƙe aska ban taɓa ganin haka ba." Inna Yalwa ba ta ga wannan ba, ta riga mu gidan gaskiya.

Na tsaya a tsakanin rumfar da gonar Baba Sale, kaina ya ƙara kullewa fiye da da. Maigari ya zo ya gaishe ni da fara'a, ya ce, "Malam Ajuji, abin da ya wuce ya wuce, kowa na kuskure, mun yafe maka." Ka ji. Ni aka yafe wa.

Abin da zan ce muku, ku sababbi, kaɗan ne. Lamba a takarda ba ta da baki, wanda ya ɗauke ta ya kai sama shi ke yi mata baki. Ku koyi Turancin da zai ishe ku ku faɗi maganarku da kanku. In kuma ba ku sani ba, ku rubuta ba ku sani ba, amma ku shirya, don ba a son mai faɗin haka a aikin nan.

Watan jiya aka yi wa Malam Tukur ƙarin girma, za a mayar da shi Bauchi. Ya zo daidai da sunan ɗansa na goma sha ɗaya. Na je da safe kamar kowa, aka raɗa suna, aka yi fatiha, aka raba goro. Na jira mutane suka ragu, saura shi da dattawa huɗu a zaure. Ya gan ni ya ce, "A'a, Ajuji, har yanzu kana nan? Matso ka ƙara goro."

Na matsa. Na ciro gorar na juye ta a kan tabarmarsa, tsakuwa ta gangara har gindin ƙafarsa.

Na ce, "Malam Tukur, ƙirga. Kai ka gama midil. Sha bakwai ne, sha bakwai ne tun ranar, kuma suna cikin jakata sa'ad da kake magana. Na yi shiru ne don matan Marken Buba, ba don tsoronka ba. Ka ce ban haifa ba. Na haifa, uku. Biyu sun yi suna, ba su kai yaye ba. Na ukun kwana biyar ya yi, ko wanzami bai gan shi ba, bai samu tsakuwa a gorar kowa ba. Ni na haƙa masa da hannuna. Mutumin da ya yi wannan ba ya rage ɗan wani a takarda. Ka tambaye ni yau ko raguwar nan alheri ce ko akasi, zan ce maka ban sani ba, kamar yadda na rubuta. Kai kuwa ka sani har sau biyu, ka sa hannu a duka biyun, ba ka taɓa taka garin ba. Allah ya raya abin da aka samu. Tsakuwar ka tafi da ita Bauchi, ni na gaji da ɗaukarta."